Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima: Kada Mu Bar Wa Kyamara Hukuncin Hajarmu

Duk wanda ke harkar saye da sayarwa a tsakanin Sokode da Dapaong, har zuwa Sinkase da ke bakin iyakar Burkina Faso, ya san cewa a yau hoto ya zama babban dillali a kasuwanninmu. A zamanin kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa ratsa wannan yanki da jakuna a kan hanyar goro daga Salaga zuwa ƙasar Hausa, ba a yin ciniki sai mai saye ya ɗauki kaya da hannunsa, ya juya, ya ɗaga a rana, sannan a shiga taya da albarka. To amma yanzu Hajiya tana zaune a gidanta a Dapaong, sama da kilomita 600 daga Lome, za a turo mata hoton atamfa ta WhatsApp, ta zaɓa, ta aika kuɗi ta Flooz ko Mixx wanda muka sani da T-Money a da, washegari kaya su hau mota. Haka mai tumaki a Sinkase yake tura hoton rago ga Alhaji a Sokode idan Layya ta matso, a gama magana ba tare da an ga juna ba.

Wannan ci gaba ne, kuma ba mu da ja a kansa. Sai dai ya zo da wata rigima da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, wato rigimar "ba wannan launin na gani ba". Kaya za su iso, mai saye ya buɗe, ya ce shaddar da aka nuna masa fara ce tas amma wannan ta yi ruwan madara, ko kuma ya ce shuɗin da ya zaɓa mai haske ne, ga shi an kawo masa mai duhu. Daga nan sai zargi ya shiga, a ce an yi musanya, a mayar da kaya, a yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa, wani lokaci ma a rabu da abokin cinikin da aka shekara goma ana hulɗa da shi. Alhali sau da yawa babu wanda ya ha'inci wani. Laifin na kyamara ne, ko kuma mu ce na wanda ya sakar mata ragama ta yanke hukunci ita kaɗai.

Shi ya sa muka ga ya dace mu yi tsokaci a kan wata muhawara da masu sana'ar hoto suka daɗe suna yi a tsakaninsu, wadda yanzu ta shigo har cikin rumfunanmu. Shin a bar kyamara a kan otomatik ta auna haske da kanta, ko kuwa mai ɗauka ya saita da hannunsa? Ra'ayinmu shi ne kowanne yana da wurinsa, amma duk hoton da kuɗi ko takarda ko mutuncin mutum ya rataya a kansa, bai kamata a bar wa na'ura ita kaɗai ba.

Kafin mu yi nisa, bari mu fayyace yadda abin yake, domin ba wani sihiri ba ne. A ɗauka mutum yana zuba gero daga buhu zuwa cikin mudu. Abubuwa uku ne za su sa mudun ya cika daidai: faɗin bakin buhun da ya buɗe, tsawon lokacin da ya bar geron yana zuba, da kuma girman mudun kansa. Haka hoto yake da haske. Bakin buhu shi ne ƙofar hasken da ke cikin gilashin kyamara, wadda ake rubuta girmanta da lambobi irin su f/4 da f/8 da f/16, kuma duk lokacin da lambar ta ƙaru ƙofar tsukewa take yi. Tsawon lokaci shi ne saurin ƙiftawar kyamara, kamar 1/60 ko 1/500 na daƙiƙa. Girman mudu kuwa shi ne abin da ake kira ISO. Idan aka ɗaga shi daga 100 zuwa 1600, tamkar an ƙanƙanta mudun ne, zai cika da ɗan haske kaɗan, amma hoton zai fito da tsakuwa-tsakuwa kamar geron da ba a sheƙe ba. Idan haske ya yi yawa hoto ya wanke ya yi fari fat, idan ya yi kaɗan ya yi duhu.

To ita otomatik, aikinta shi ne ta zaɓi waɗannan abubuwa uku a madadin mai ɗauka. Kuma ba jiya aka fara ba. Tun a 1888 George Eastman ya tallata kyamararsa ta Kodak a Amurka da alkawarin cewa kai dai ka danna, su za su yi sauran aikin. A 1938 kamfanin ya fitar da Super Six-20, kyamara ta farko da ke auna haske ta saita ƙofarta da kanta. A 1976 Canon ta Japan ta fito da AE-1 mai ƙaramar kwamfuta a ciki, a 1978 kuma ta kawo A-1 wadda ke iya zaɓar ƙofa da sauri gaba ɗaya. A 1983 Nikon FA ta fara raba fili gida-gida tana auna kowanne kafin ta yanke hukunci. Wayoyin da ke aljihunmu a yau jikokin waɗannan ne, har ma sun fi su dabara, domin sukan ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido su haɗa su su zama guda.

Amma duk da wannan wayo, akwai wani hali da ma'aunin hasken kyamara ya gada tun asali. An gina shi ne a kan zaton cewa idan aka cakuɗa duk abin da ke gabansa, farinsa da baƙinsa, zai ba da launin toka na tsaka-tsaki, irin wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Wato mudunsa guda ne, da shi yake auna kowa. Idan aka cika masa ido da farar shadda, sai ya zaci rana ce ta yi yawa, ya rage haske, shadda ta fito ruwan toka kamar an wanke ta da ruwan rijiya sau ashirin. Idan kuma baƙin yadi ne ko turkuɗi, sai ya zaci duhu ne, ya ƙara haske, baƙin ya koɗe ya zama kamar tsohon kaya. Kyamara ba ta san farashin Getzner ba, ba ta kuma san cewa ƙyallin shadda da zurfin rininta su ne kuɗinta ba. Mai kaya ne ya sani.

Masu dabbobi ma ba su tsira ba. A ɗauki ragon Uda, wanda gabansa baƙi ne ko ja, bayansa fari. A tsayar da shi a tsakar rana a kara, a ɗauka da otomatik. Ko dai farin ya ƙone har ba a ganin gashi balle a gane ƙiba, ko kuma kan ya dulmuye cikin duhu har ba a ganin ido da tushen ƙaho. Idan lokacin hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hazo ke mayar da sararin samaniyar Dapaong fari fat, abin ya fi muni, domin da zarar sama ta shiga cikin hoto sai kyamara ta tsorata ta rage haske, bijimi ya fito kamar inuwa. Ga kuma tamfol mai launin shuɗi ko ja da muke rufe rumfuna da shi, wanda ke rina duk abin da ke ƙarƙashinsa. Idonmu ya saba, yana gyara launin da kansa ba mu ma lura, ita kuwa kyamara sai ta yi ta laluben inda fari yake, ta ba da launi iri ɗaya yanzu, bayan minti guda ta ba da wani.

Akwai kuma batun da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na baƙar fata. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yakan raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, domin su daidaita injinansu da launin fatarta. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a bincikenta na 2009 cewa daga cikin abubuwan da suka tilasta wa kamfanin gyara yadda fim ɗinsa ke nuna launin ƙasa-ƙasa akwai ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda suka ga hajarsu ba ta fita daidai a talla. A lura da kyau, 'yan kasuwa ne suka yi ƙorafi aka saurare su. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. A zamanin waya kuma, kamfanin Transsion na Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar Afirka ne da dabaru da suka haɗa da saita kyamararsa domin baƙar fata, sannan Google ta fito da nata gyaran mai suna Real Tone a 2021. Darasin da ke ciki shi ne, otomatik ra'ayin wani injiniya ne da ke zaune a wata ƙasa mai nisa, wanda ya yanke tun kafin a sayar da na'urar abin da yake ganin shi ne daidai. Wani lokaci ra'ayinsa ya dace da namu, wani lokaci kuma ya saɓa.

Wannan ya fi fitowa fili a ƙaramin hoton da ake liƙawa a takardu. Ana tsayar da mutum a gaban farin bango ko farin ƙyalle, sau da yawa yana sanye da farar riga da farar hula, sai otomatik ta ga fari ko'ina ta rage haske, fuska ta fito baƙi ƙirin, ba a bambance hanci da kumatu. Ga mutumin da ke zaune a gida wannan abin dariya ne. Amma ga ɗan kasuwar da ke ƙetare iyaka kowane mako, zuwa Boku ta Gana ko Jugu ta Benin ko cikin Burkina Faso, hoton da bai yi kama da mai shi ba yana iya jawo masa tsaiko da tambayoyi. Balle a yankin Savanes, inda aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yunin 2022 bayan harin Kpekpakandi na watan Mayun shekarar, wanda ya sa binciken takardu a hanya ya ƙara tsanani. Saboda haka duk wanda ya je wurin mai hoto, yana da haƙƙin ya duba fuskarsa a allon kyamara kafin a buga, idan ta yi duhu ya ce a sake. A nan ma muna tunatar da matasanmu cewa shingen jami'an tsaro da ofishin duwan ba wuraren gwada kyamara ba ne, kowane irin saiti aka yi mata.

To, wani zai ce, ai mu 'yan kasuwa ne, ina muka ga lokacin zama muna murɗa lambobi alhali mai saye yana jira? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba za mu yi watsi da ita ba. Akwai wuraren da otomatik ta fi hannu nesa ba kusa ba. Ranar bikin Adossa a Sokode, lokacin da mahaya ke sukuwa, masu wasa da wuƙaƙe na shiga rana suna fita inuwa, wanda ya tsaya saitin hannu zai ɗago kai ya tarar an wuce. Haka wurin ɗaurin aure ko suna, ko lokacin da ake sauke kaya daga mota ana son shaidar adadin buhuna cikin gaggawa. A irin waɗannan wurare hoton da aka samu, ko da haskensa bai cika daidai ba, ya fi wanda aka rasa. Har ila yau ba mu tare da wasu masu hoto da ke ɗaukar harafin M da ke kan kyamara kamar rawanin sarauta, suna raina duk wanda bai yi aiki da shi ba. Saitin hannu a hannun wanda bai iya ba ya fi otomatik ɓarna, musamman idan ya saita a cikin shago ya manta ya fito rana da shi.

Abin da muke cewa shi ne, otomatik kamar yaron shago ne mai zafin nama. Za a iya aikensa, zai iya miƙo kaya, zai iya ba da canji, amma ba a bar masa yanke farashin babbar haja. Kuma tsakanin sakar masa komai da ƙwace masa komai akwai hanyoyi na tsakiya waɗanda ba sa cin lokaci.

Ta farko, wadda kusan kowace waya ke da ita, ita ce a taɓa allon a daidai kan kayan da ake son nunawa. Wata 'yar alamar rana za ta fito, sai a ja ta sama ko ƙasa har abin da ke allon ya yi daidai da abin da ido ke gani. A wayoyi da yawa, idan aka danna aka riƙe na ɗan lokaci, saitin zai kulle, ba zai riƙa canzawa ba duk lokacin da hannu ya motsa. A kyamara kuwa akwai maɓalli mai alamar +/-. Ƙa'idar tana da sauƙin riƙewa duk da cewa tana kama da juyin waina: farin kaya a ƙara masa haske, daga +1 zuwa +2, baƙin kaya a rage masa, daga -1 zuwa -2. Kowane mataki guda yana ninka haske ne ko ya raba shi biyu. Haka ma idan za a ɗauki rasit ko takardar kaya, a ƙara mataki guda domin takardar ta fito fara, rubutun ya karantu.

Ta biyu ita ce ta masu kyamara, wato haruffan A ko Av da S ko Tv. A nan mutum ya zaɓi abu guda, na'ura ta cike sauran. Mai ɗaukar dabba mai motsi ya zaɓi sauri 1/500 domin kada hoto ya yi dishi-dishi. Mai ɗaukar tulin atamfa da yake son na gaba da na baya su fito sarai ya zaɓi f/8.

Ta uku ita ce cikakken saitin hannu, M a kyamara, ko inda aka rubuta Pro a wayoyin da ke da shi. Wurinsa shi ne inda haske ba ya canzawa amma kaya na canzawa. Mai turmi talatin da yake son ɗauka ɗaya bayan ɗaya, idan ya bar otomatik, kowane turmi zai samu nasa hukuncin, mai duhu a haskaka shi, mai haske a dusashe shi, har mai saye ya kasa gane wanne ya fi wanne. Amma idan ya samu wuri guda mai inuwa a bakin rumfa, nesa da tamfol mai launi, ya ajiye ISO a 100 ko 200, ya kafe saitin fari a kan hasken rana, wajen 5500, ya daidaita sauri sau ɗaya, to duk talatin ɗin za su fito da mudu guda. A sa farar takarda a gefen kowane turmi, domin idan ta fito fara a wayar mai saye, ya san launin da yake gani na gaskiya ne. Wanda ke ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki ya ga wasu layuka suna ratsa hoto, ya sa sauri a 1/50 ko 1/100, saboda wutar Togo tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa. Sannan a tura hoton a matsayin takarda ko da alamar HD, domin WhatsApp yakan matse hoto ya rage masa kyau.

Kada wani ya ce wannan ilimi ya fi ƙarfinmu. Alex Acolatse, wanda ya rayu daga 1880 zuwa 1975, ya yi aikin hoto a Lome tun zamanin Jamus ba tare da wata otomatik ba. Cornelius Augustt, haifaffen Togo a 1924, ya riƙa zagaya ƙauyukan Korhogo a Kwaddibuwa a kan keke da akwatin hotonsa yana ɗaukar hotunan katin shaida, kuma fuskokin manoman da ya ɗauka sun fito sarai har ana baje kolinsu a Turai. Seydou Keita, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da hasken rana ya fi aiki a tsakar gidansa, amma har yau ana iya ƙirga zanen da ke jikin atamfar matan da ya ɗauka. Masu hoto na da suna da wata ƙa'ida da suka haddace, cewa a rana tsaka, da fim mai lamba 100, a sa f/16 da sauri 1/125, idan an shiga inuwa a buɗe ƙofa zuwa wajen f/5.6. Mutumin da ke iya juya sefa zuwa naira da sidi a ka, yana tsaye a tsakiyar hayaniyar kasuwa, ba zai gagara riƙe lambobi uku ba.

Sai dai akwai gargaɗin da ya zama dole mu yi. Hannun da ya iya gyara haske domin ya nuna gaskiyar kaya, shi ne kuma zai iya murɗa shi domin ya ɓoye aibi. Ana iya ƙara haske har tabon da ke jikin yadi ya ɓace, ana iya zafafa launi har koɗaɗɗen zane ya zama kamar sabo, kuma wasu wayoyin ma suna yin wannan kwalliya da kansu idan ba a kashe ta ba. Wannan algus ne, bai da bambanci da sa manyan albasa a bakin buhu a cika ƙasa da ƙanana. Ramin ƙarya ƙurarre ne, domin kaya za su isa hannun mai su, ya buɗe su a rana. Ma'aunin da za mu riƙe guda ne: a ɗora wayar kusa da kayan, a dubi wannan a dubi wancan, idan ba su yi daidai ba kada a tura.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan zango a Sokode da Kara da Mango da Dapaong da Sinkase, da su gayyato ƙwararrun masu hoto na garuruwansu, waɗanda da yawansu waya ta rage musu ciniki, su koya wa yaran shagunanmu waɗannan dabaru ko da na yini guda ne, a biya su haƙƙinsu. Muna kuma ba da shawarar a mayar da shi al'ada cewa duk cinikin da aka ƙulla ta hoto, a ajiye hoton har kaya su isa, domin idan saɓani ya taso masu sasantawa su samu abin dubawa. Su kuma masu saye su riƙa neman hoto biyu, ɗaya a inuwa ɗaya a fili, kafin su aika kuɗi, su kuma tuna cewa allon wata wayar ya fi na wata haske. Kuɗin da za a kashe a wannan koyo bai kai na mayar da dila guda daga Dapaong zuwa Lome ba.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kuma kiyaye hanya.